Araha Ba Ta Ado: Makamashin Duniya da Kayan Cikin Gida

A ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar a cikin jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, a cikin 2024 kuma ta haura naira 1,000. Masu motoci da 'yan acaɓa ne suka fara kokawa, amma ba su daɗe su kaɗai ba. Uwargidan da ba ta taɓa tsayawa a gidan mai ba ta tarar da ƙarin yana jiranta a kasuwa, a kan bokitin roba, da silifas na yara, da mudun gari, da ƙwan fitila. Faɗuwar darajar naira da ta biyo baya ta daɗa wa abin nauyi. A lokacin ne iyalai da yawa suka gane da aljihunsu cewa babu wani kaya a cikin ɗaki wanda bai sha mai ba kafin ya iso ƙofar gida.

Wannan ya ta da wata tsohuwar tambaya wadda kowane zamani yake amsawa da irin rayuwarsa: nawa ne ya ishi mutum? Ya fi kyau gida ya cika da kaya masu araha waɗanda ake sauyawa kowane wata, ko kuwa ya mallaki kaɗan masu ƙarko, a kula da su, a gyara su in sun lalace, har a bar wa na baya? Da ganin farko, lissafin kuɗi ne kawai. Amma wanda ya bi sawun kayan nan daga rijiyar mai zuwa masana'anta, daga masana'anta zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa bola, zai tarar akwai hakkin maƙwabci a ciki, da hakkin 'ya'ya da jikoki. Saboda haka tambaya ce ta lamiri, ta kuma cancanci a zauna a kanta a cikin iyali.

Daga ina duniya take samun ƙarfinta?

Makamashi shi ne duk abin da ake ƙonawa ko ake tarawa domin a sami zafi, ko haske, ko ƙarfin juya inji. A shekarar 2023, kimanin kashi 80 cikin 100 na dukan makamashin duniya ya fito ne daga abubuwa uku da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, watau ɗanyen mai, da kwal, da iskar gas. A waccan shekara duniya tana shan fiye da ganga miliyan 100 na mai kowace rana. Dukan abin da Nijeriya ta haƙo a yini ɗaya bai kai ganga miliyan 2 ba, watau bai isa ya riƙe duniya na rabin sa'a ba.

Farashin wannan mai kuwa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A watan Yuli na 2008 ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare kuma ta faɗo ƙasa da dala 40. A watan Afrilu na 2020, sa'ad da annobar korona ta tsai da jirage da motoci, an yi rana guda a Amurka da mai sayar da mai ne yake biyan kuɗi domin a raba shi da kayansa, gama wurin ajiya ya cika. A 2022, da Rasha ta auka wa Yukren, ganga ta haura dala 120, ƙasashen Turai suka shiga neman iskar gas ido rufe. Da yake da iskar gas ake yin takin yuriya, manomin masara a Filato da Kaduna da Adamawa ya biya rabonsa na yaƙin da bai san dalilinsa ba. A 2024, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya take sha yana bi ne ta mashigin ruwa guda ɗaya, watau Hormuz, tsakanin Iran da Oman. Rayuwar da aka jingina ga irin wannan abu tana kama da rumbun da aka gina a bakin rafi.

Akwai labari mai daɗi kuma. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A 2023, kashi 30 cikin 100 na wutar lantarkin duniya ya fito daga ruwa, da iska, da hasken rana, da makamantansu. A ranar 30 ga Satumba, 2024, Birtaniya, ƙasar da zamanin injuna ya soma a cikinta da ƙarfin kwal, ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ba da wuta da kwal. A wannan shekara an sayar da motoci masu amfani da lantarki fiye da miliyan 17, watau fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. Ko a ƙauyukan Nijeriya, farantin sola a kan rufin shago ko ɗakin shan magani ya daina zama abin kallo.

Sabuwar rijiya, tsohuwar ƙishirwa

Mai karatu yana iya cewa, to, ashe magana ta ƙare: rana ba ta ƙarewa, iska ba ta da mai ita, kowa ya saya ya more. Amma alƙaluman suna da wata fuska. A wannan shekara ta 2024 da Birtaniya ta rufe tasharta, duniya ta ƙona kwal fiye da kowace shekara kafin ta, sama da tan biliyan 8 da rabi, fiye da rabinsa a ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin ƙananan kayan da suke cika kasuwannin Afirka. Tarihi ya nuna cewa sabon makamashi yakan hau kan tsoho ne, ya ƙaru a kansa. Kwal bai kori itace ba, gama har a wannan ƙarni mutane fiye da biliyan 2 suna dafa abinci da itace, da gawayi, da makamantansu. Mai bai kori kwal ba. Hasken rana yana ƙaruwa da sauri ƙwarai, amma buƙatar duniya ma gudu take yi.

Wani masanin tattalin arziki Bature, William Stanley Jevons, ya lura da wannan tun 1865. Ya ga cewa duk lokacin da aka kyautata injin tururi ya rage cin kwal, sai yawan kwal ɗin da ƙasar Ingila take ƙonawa ya ƙaru, domin aikin ya yi araha, mutane da yawa sun shiga cikinsa. Ana ganin ƙaramin misalin wannan a gidaje. Ƙwan fitila na zamani mai farin haske yana cin ƙasa da rubu'in wutar da tsohon ƙwai mai zafi yake ci. Amma gidan da yake da ƙwai uku a dā yakan koma yana da goma sha biyu, wasu kuma suna ci har rana tsaka.

Nijeriya ta taɓa koyon wannan darasi a matsayin ƙasa. Da kuɗin mai suka malalo bayan 1973, hukumar Jerome Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi a 1974, aka biya ma'aikata har da ariyas. Kasuwanni suka cika da rediyo, da babura, da kayan sawa na ƙasashen waje. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cunkoso a tashar Legas, wasu suka yi watanni suna jira, ana biyansu kuɗin jinkiri, siminti kuwa yana daskarewa a cikinsu. Shekara bakwai bayan haka, a 1982, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma shirin gyaran tattalin arziki ya zo da nasa raɗaɗin. Dattawan da suka ga waɗannan kwanaki suna nan da rai, suna iya ba da shaida cewa yalwa ba ta koya wa kowa ma'auni. Tulun da yake yoyo ba ya cika, ko da an haƙa masa rijiya goma. Injiniya yana iya ƙara rijiyoyi, amma toshe tulun aikin mai gida ne.

Wutar da take ɓoye a cikin kaya

Yawancin mutane suna auna makamashin da suke ci da kuɗin wuta, da man janareta, da gawayin girki. Amma akwai wani kaso babba da ba ya bayyana a takardar kuɗin wuta, shi ne wanda aka ƙona kafin kayan su zo hannu. Narkar da sabon alminiyam daga ƙasar ma'adini yana cin wutar lantarki mai ɗimbin yawa, sake narkar da tsoho kuwa yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan wuta kaɗai. Ashe ɗan gwangwan da yake yawo da kurarsa yana sayen tsofaffin ƙarafa, da maƙerin da yake zuba tukunyar dalma a bayan kasuwa, suna yi wa duniya tanadin da ba a gode musu a kai. Tukunyar da suka zuba takan ga auren ɗiyar wadda ta saye ta.

Wayar hannu ma haka take. Rahotannin kamfanonin da suke ƙera ta sun nuna cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin da waya take jawowa a dukan rayuwarta yana fita ne a lokacin ƙera ta, tun ba a yi mata cajin farko ba. Kimanin kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ake sa wa a batira yana fitowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wani sashe nasa da hannu ake haƙowa a ramuka masu haɗari. Saboda haka wanda ya riƙe wayarsa shekara biyar maimakon biyu ya yi tanadin da ya fi na wanda yake zare caja daga bango kowane dare. A ɓangaren sutura, fiye da rabin zaren da ake saƙawa a duniya zaren roba ne da ake kira foliyesta, asalinsa kuwa ɗanyen mai. Tsakanin 2000 da 2015 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka biyu, yawan lokutan da ake sa kowace riga kafin a jefar kuwa ya ragu.

Saurin lalacewar kaya ma ba kullum ne yake zama tsautsayi ba. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, har da Osram da Philips, suka haɗu a birnin Jeniba suka amince cewa kada ƙwai ya wuce sa'a 1,000 yana ci, suka kuma sa tara a kan duk wanda nasa ya zarce. Dalilin ciniki a fili yake: abin da bai mutu ba, ba a sake sayensa. A 2015 Faransa ta kafa dokar da ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi. Daga ƙarshen Disamba na 2024 kuma Tarayyar Turai ta wajabta caja iri ɗaya ga sababbin wayoyi, domin a rage tarin wayoyin cajin da ake zubarwa.

Ina kayan suke zuwa bayan sun gama ɗan gajeren aikinsu? Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, ƙasa da rubu'inta ne aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Saura yakan ƙare a juji, ko a hannun yara masu ƙona wayoyi domin su fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, miliyoyin tufafin gwanjo suke shigowa kowane mako, kaso mai yawa daga ciki ba ya sayuwa saboda rashin inganci, yakan ƙare a magudanun ruwa da bakin teku. A ɗaya ƙarshen igiyar kuma, ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza a Bangaladash ya rufta a kan masu ɗinkin tufafi masu araha, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata. Hausawa suna cewa araha ba ta ado. Ana iya ƙarawa da cewa araha ba ta faɗuwa daga sama: in mai saye bai biya cikakken kuɗin abu ba, akwai wanda ya biya ragowar da guminsa, ko huhunsa, ko ransa.

To, talaka fa?

Akwai masu ja da wannan magana, hujjojinsu kuma ba na wasa ba ne. Na farko zai ce kaya mai ƙarko yana da tsada, mai neman na cefanen yau ba ya da zaɓi. Gaskiya ne, wannan ma yana cikin zaluncin talauci: mai kuɗi yakan sayi takalmi ɗaya ya yi masa shekara biyar, talaka kuwa ya sayi biyar masu araha cikin shekara biyu, a ƙarshe ya fi mai kuɗin kashewa, ƙafarsa kuma ba ta rabu da ƙaya ba. Ba daidai ba ne a zargi wanda bai da hali. Amma jama'a sun daɗe da sanin hanyoyin haye wannan rami. Adashi yana haɗa ƙananan kuɗi su zama keken ɗinki ko fitilar sola ta kirki. Zumuntar mata a ikkilisiyoyi da yawa tana da manyan tukwane da kujeru da ake ara wa kowa a ranar biki ko makoki, maimakon kowane gida ya sayi nasa ya ajiye. Tsohon abu mai kyau daga hannu na biyu sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli. Tsada kuma ba ita ce inganci ba, gama turmi da taɓarya na itace mai kyau ba su da suna a jikinsu, amma suna ciyar da zuriya uku.

Na biyu zai ce ba ya kyautu a yi wa Afirka wa'azin ragewa alhali ba ta ci ba tukuna. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi. Kimanin mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da wutar lantarki. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 suna cikin wannan hali, wutar da ake rarrabawa ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 kuwa ta yi shekaru tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ungozomar da take karɓar haihuwa da hasken tocila, da ɗalibin da yake karatu da aci-bal-bal, da matar da hayaƙin murhu ya cinye mata idanu, ƙarin makamashi suke buƙata, adalci kuma ya ce a ba su. Ragewa nauyi ne a kan wanda yake da rara. Sai dai rara ba a Landan da Niyok kaɗai take ba. Tana nan a Jos, da Abuja, da Yola, a gidan da akwatunan atamfa suka yi shekaru ba a buɗe ba, da durowar da ta cika da matattun wayoyi, alhali ɗan maƙwabci yana zaune a gida saboda kuɗin makaranta.

Na uku zai ce in kowa ya rage saye, ɗan kasuwa da ma'aikacin masana'anta za su rasa abinci. Akwai gaskiya a nan ma, gama duk sauyin ciniki yana da wanda yake ji a jika. Amma kuɗin da ba a kashe a kan sabon abu mai saurin mutuwa ba, ba ya ɓacewa. Yakan koma hannun tela, da mai gyaran takalmi, da kafinta, da mai walda, da saurayin da yake gyaran waya a bakin hanya, mutanen da suke zaune a unguwa ɗaya da mai biya. Ƙasar Suwidin ta gane wannan har ta rage harajin gyaran kekuna, da takalma, da tufafi a 2017. Abin da Turai take ƙoƙarin farfaɗowa da doka, yana nan da rai a kowace kasuwar Nijeriya, sai dai an soma raina shi.

Na huɗu zai ce gida ɗaya bai isa ya sauya lissafin ganga miliyan 100 ba. Haka ne. Amma ba a auna abin da yake daidai da yawan tasirinsa kaɗai. Mai gaskiya a ciniki ba ya fasa gaskiyarsa domin kasuwa cike take da masu algus. Al'ada kuma a gidaje ake ƙera ta: yaron da ya ga mahaifinsa yana kai rediyo wurin gyara, da yarinyar da ta ga mahaifiyarta tana ƙin sayen abin da ba ta buƙata ko da ƙawaye sun saya, sun sami tarbiyyar da ba a koyarwa a aji.

Wadar zuci

Sunan halin da ake magana a kai shi ne wadar zuci. Dole a bambanta shi da rowa, domin suna kama da juna daga nesa. Marowaci ya ƙi kashewa ne don yana ƙaunar kuɗi, iyalinsa suna shan wahala yana kallo. Mai wadar zuci kuwa ya san ma'aunin buƙatarsa, yana biyan cikakken kuɗin abu mai kyau ba tare da ƙyashi ba, abin da ya ragu kuma yana da hannun bayarwa. Marowaci da almubazzari duka bayin kaya ne, ɗaya yana bauta wa tarawa, ɗaya yana bauta wa saye.

Wanda yake da kaya kaɗan yakan san kowannensu. Ya san ranar da ya sayi fartanyarsa, ya san maƙerin da ya ƙera ta, yana wasa ta kafin damina. Wannan kulawa girmamawa ce ga aikin hannun wani, da kuma ƙasar da aka haƙo ƙarfen daga cikinta. Wanda kaya suka yi masa yawa kuwa ba ya iya kula da su, sai su zama masa nauyi: wurin ajiya, da tsoron ɓarawo, da bashin da aka ci domin a saye su. Ga masu bi, dukiya amana ce da za a ba da lissafinta. A cikin Bishara ta hannun Yohanna, sura 6, bayan an ciyar da mutum dubu biyar kowa ya ƙoshi, an umarci almajirai su tattara gutsattsarin da suka ragu, suka cika kwanduna goma sha biyu. Wanda yake da ikon ninka gurasa ba iyaka bai yarda a tattake ragowarta ba. In haka ne, ko da hasken rana zai sa wuta ta yi arahar ruwan sama wata rana, wannan ba zai halatta ɓarna ba.

Akwai tarko guda da ya kamata a kiyaye. Mallakar kaɗan masu kyau tana iya zama sabon fahariya, mutum ya riƙa nuna agogonsa ɗaya mai tsada yana raina mai uku masu araha. Ma'aunin da yake raba na gaske da na nunawa shi ne inda ragowar kuɗin ya tafi. In ya tafi ga kuɗin makaranta, da maganin tsoho, da buhun masara ga gwauruwa, to, ragewar ta haifi 'ya'ya.

Inda za a fara

Wurare uku ne gidaje suka fi zubar da dukiya a kan kayan da ba sa daɗewa. Na farko shi ne aure. Iyaye sukan ci bashi domin a jera wa amarya kwanuka da kuloli da ba za ta taɓa buɗewa ba, don kada dangin miji su yi magana. Tukwane huɗu masu kauri, da katifa ta kirki, da keken ɗinki ko wani jari, sun fi mata amfani fiye da kabad cike da kayan kallo. Na biyu shi ne bukukuwa. Anko na kowane aure da kowane taro, da sababbin kayan Kirsimeti da suke yagewa kafin Ista, sun mai da murna ta zama haraji, har wanda bai da hali yakan ƙi zuwa sujada a ranar biki don kunya. Dattawan ikkilisiya da shugabannin ƙungiyoyi suna da ikon sassauta wannan da kalma ɗaya. Na uku shi ne ƙananan kayan lantarki: tocila mai caji da take mutuwa cikin wata uku, da caja, da fanka, da rediyon da ba ya buɗuwa balle a gyara. Kowanne ɗan kuɗi ne, amma ɗan hakin da aka raina shi yake tsone ido.

Kafin a miƙa kuɗi, tambayoyi uku sun isa. Ana buƙatar abin nan da gaske, ko kuwa don an gan shi a gidan wane ne? In ya lalace, akwai mai gyaransa a garin nan? Bayan shekara biyar, a ina zai kasance, a hannun wani ko a kan juji? Miji da mata da suka saba yi wa juna waɗannan tambayoyi, a gaban 'ya'yansu, za su ga bambanci a aljihu kafin shekara ta zagayo.

Ba mai gida ko uwargida da yake da iko a kan farashin ganga, ko yaƙin da za a yi a wata nahiya, ko yawan kwal da za a ƙona a ƙasar Sin. Waɗannan suna hannun gwamnatoci da manyan kamfanoni, wajibi ne kuma a ci gaba da neman su kawo wuta ga miliyoyin da suke cikin duhu. Amma abin da zai shigo ta ƙofar gida, da tsawon zamansa, da inda zai tafi bayan haka, wannan yana hannun iyali. Gidan da ya koyi cewa wannan ya isa, ya sami 'yancin da hawa da saukar farashin mai ba sa iya ƙwace masa, ya kuma bar wa maƙwabci da jikoki rabonsu.